Wa Ya Fara Rera Ta? Tambayoyi da Amsoshi Kan Waƙoƙin da Suka Yi Suna a Bakin Wasu

Akwai waƙoƙin da duniya ta haddace, ana jin su a rediyo da gidajen biki da filayen ƙwallo, amma wanda ya fara shiga situdiyo ya rera su ba kowa ya san sunansa ba. Wasu daga cikin mutanen nan sun mutu a talauce alhali karin da suka ƙirƙira yana tara wa wasu dukiya. Na tattara tambayoyin da masu sha'awar kiɗa suka fi yi a kan wannan batu, na amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Me ake nufi da "waƙar asali" a nan?

Ana nufin naɗin farko da aka yi wa waƙa, wato karon farko da wani mawaƙi ya rera ta aka ɗauka a faifai ko kaset. Daga baya sai wani ya zo ya sake rera ta da muryarsa da makaɗansa, tasa ta yi tashe, har mutane su ɗauka shi ne mai ita.

Ya kamata a raba abu uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai wanda ya tsara waƙa, ya sa mata kari da baitoci. Akwai wanda ya fara rera ta. Akwai kuma wanda ta yi suna a bakinsa. Wani lokaci mutum ɗaya ne ya yi na farko da na biyu, wani lokaci mutum uku ne daban waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Duk rigimar da za ka ji a ƙasa daga wannan rabuwar ta samo asali, domin kuɗi suna bin sunan da aka rubuta a takarda ne.

Wace waƙa ce labarinta ya fi taɓa zuciya?

A wurina, "Mbube" ce. A 1939, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga situdiyon kamfanin Gallo tare da 'yan amshinsa, Evening Birds. Linda bai yi karatun boko mai nisa ba, ɗan ci-rani ne daga yankin Natal, kuma ya yi aikin shirya faifai a kwali a wannan kamfanin. Kalmar mbube a harshen Zulu tana nufin zaki. Waƙar ta karɓu ƙwarai, an sayar da faifai kusan 100,000 a cikin shekara goma, har sunanta ya zama sunan salon waƙar maza ta haɗa murya a ƙasar. Abin da aka ba Linda a hannu, kamar yadda aka fi ruwaitowa, sule goma ne, kamfani kuma ya riƙe waƙar.

In ka nemi naɗin nan ka sa abin saurare a kunne, da farko ƙarar tsohon faifai za ka ji, kamar ana soya gyaɗa a nesa. Sai muryoyin maza masu kauri su shigo suna maimaita "uyimbube", ma'ana "kai zaki ne". A samansu muryar Linda ce, siririya, tana hawa tana sauka. Can wajen ƙarshe, saura kaɗan faifan ya ƙare, sai ya saki wani gajeren kari wanda bai yi a baya ba. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin The Lion King zai gane shi nan take. Ranar da na fara jin wurin sai da na mayar da shi baya sau uku, tsigar jikina tana tashi, don na san karin tun ina yaro amma ban taɓa jin sunan mai shi ba.

Faifan ya tsallaka Amurka, ya shiga hannun Alan Lomax mai tattara waƙoƙin gargajiya, shi kuma ya miƙa wa mawaƙi Pete Seeger. Kunnen Seeger bai kama kalmar Zulu ba, sai ya ji "uyimbube" kamar "wimoweh". Ƙungiyarsa, The Weavers, ta fitar da "Wimoweh" a farkon shekarun 1950, kuma sunan da aka rubuta a matsayin mai waƙar shi ne Paul Campbell, sunan aro da ake fakewa da shi don karɓar kuɗin waƙoƙin da aka ɗauka ba su da mai su. A 1961 George David Weiss ya sa mata baitocin Turanci, wasu samari da ake kira The Tokens suka rera ta da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Shekara guda bayan haka, a 1962, Solomon Linda ya rasu da ciwon ƙoda, bai bar abin kirki ba. Sai da aka yi shekara 18 kafin iyalinsa su iya kafa dutse a kan kabarinsa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Iyalansa sun samu wani abu daga baya?

Sun samu, amma bayan dogon jira. Seeger da kansa ya amince cewa waƙar ta Linda ce, ya kuma taɓa aika masa kuɗi, sai dai abin da ya isa gidan bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da waƙar ta tara. A 2000 wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya bi diddigin labarin ya wallafa a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta samar da kimanin dala miliyan 15. Rubutun ya tayar da ƙura. A 2004 aka shigar da ƙarar kamfanin Disney, mai fim ɗin The Lion King, a Afirka ta Kudu a madadin magadan Linda. Lauyoyin sun dogara ne da wata tsohuwar dokar daular Ingila ta 1911, wadda ta ce haƙƙin aiki yana komawa ga magada shekara 25 bayan mutuwar mai shi, ko da ya sayar da shi yana raye. A 2006 aka sasanta da kamfanin Abilene Music mai riƙe da waƙar, aka biya iyalin, aka kuma amince a riƙa sa sunan Linda cikin waɗanda suka tsara ta.

To sake rera waƙar wani ba sata ba ce?

Ba kullum ba. A Amurka, tun dokar 1909, da zarar an fitar da waƙa kasuwa, kowane mawaƙi yana da damar sake naɗar ta ko da mai ita bai so ba, muddin zai biya kuɗin da doka ta ƙayyade a kan kowane faifai. A lokacin santi biyu ne. Saboda haka rerawar kanta halal ce a idon doka. Satar tana shigowa ne idan aka goge sunan wanda ya tsara waƙar, aka sa na wani, ko aka ce ai waƙar gargajiya ce marar ubangida.

Ga inda gizo ke saƙar. Kowace waƙa tana da haƙƙi iri biyu: na tsarin waƙar, wato kari da baitoci, da na naɗin da aka yi. Idan wani ya sake rera waƙa, mai haƙƙin tsari ne ake biya. Wanda ya fara rera ta kawai, bai tsara ba, ko sisi ba ya samu daga sabon naɗin, ko da salonsa da numfashinsa aka kwaikwaya. Har yau gidajen rediyon Amurka na AM da FM mai tsara waƙa suke biya, ba sa biyan mai murya.

Me ya sa ta farko ke nutsewa, ta biyu ta yi sama?

Dalilai suna da yawa: ƙaramin kamfani marar ƙarfin rarraba faifai, harshen da kasuwa ba ta ji, ko fitowa a lokacin da kunnuwan mutane ke wani wuri. Amma a Amurkar shekarun 1950 babban dalili shi ne wariyar launin fata. Gidajen rediyo da yawa ba sa sa waƙoƙin baƙaƙen fata ga masu sauraro farare. Da zarar waƙar baƙar fata ta fara motsi, sai babban kamfani ya ɗauko mawaƙi farar fata ya sake rera ta cikin sanyi, a cika kasuwa da ita. Haka Pat Boone ya yi da waƙoƙin Fats Domino da Little Richard.

Misalin da aka fi ambata shi ne "Hound Dog". Wasu matasa biyu, Jerry Leiber da Mike Stoller, su suka tsara ta musamman domin Willie Mae Thornton, wadda ake kira Big Mama. An naɗa a 1952, ta fito a 1953, ta yi mako bakwai a saman jerin waƙoƙin baƙaƙen fata da suka fi kasuwa. A bakinta waƙar tana da ma'ana sarai: mace ce ke korar namiji ɗan cima-zaune, mai zuwa ƙofarta don a ciyar da shi. Tana rera ta da kaushin murya, da haushi na gaske. Elvis Presley ya fitar da tasa a 1956, kuma ba ma daga Thornton ya ɗauko tsarin ba, daga wata ƙungiya ce, Freddie Bell and the Bellboys, da ya gani a Las Vegas, waɗanda suka riga suka sauya baitocin suka mayar da ita kamar da kare ake magana. Tasa ta sayar da miliyoyi. Thornton ta sha faɗi cewa dala 500 kacal ta samu a kan tata. Abin ya sake maimaita kansa da "Ball and Chain", wadda ita ce ta tsara da kanta, amma sai da Janis Joplin ta rera ta a bikin Monterey na 1967 duniya ta san da ita. Thornton ta rasu a 1984 cikin rashin wadata.

Akwai wanda ya riƙe haƙƙinsa har ya ci moriya?

Dolly Parton. Mutane da yawa a nan sun ɗauka "I Will Always Love You" ta Whitney Houston ce, saboda fim ɗin The Bodyguard na 1992. Dolly ce ta tsara ta, ta fitar a 1974, kuma ba ma waƙar rabuwar masoya ba ce a asali. Sallama ce take yi wa Porter Wagoner, mawaƙin da ta daɗe tana aiki a shirinsa na talabijin, lokacin da ta yanke shawarar kama gabanta. Tata a hankali take tafiya, kamar mai magana da mutum a ɗaki.

Elvis ya so ya rera ta. Manajansa, Kanar Tom Parker, ya gindaya sharaɗin sai an ba su rabin haƙƙin waƙar. Dolly ta ƙi, duk da cewa ta sha faɗin irin kukan da ta yi a daren. Shekara 18 bayan fitowar waƙar, ta Whitney ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya a Amurka, kuma kason mai tsara waƙa gaba ɗayansa hannun Dolly ya shiga. Bambancinta da Linda da Thornton ba a baiwa yake ba. Ita ta san abin da takarda ke nufi, tana kuma da ƙarfin da za ta ce a'a, su kuwa zamaninsu da ƙasashensu ba su ba su wannan damar ba.

Shin ta asali ce kullum ta fi daɗi?

A'a, kuma ba na son a ɗauka haka nake nufi. Otis Redding ya tsara "Respect" ya rera ta a 1965: magidanci ne yake cewa yana kawo kuɗi gida, don haka a girmama shi idan ya dawo. Waƙa ce mai kyau. Amma da Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967, tare da 'yan'uwanta mata Erma da Carolyn suna yi mata amshi, sai ta juya ta gaba ɗaya. Yanzu mace ce ke neman a ba ta girmanta, ta kuma ƙara wurin da take furta haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya, wanda babu shi a ta Otis. Ta zama waƙar masu fafutukar 'yancin baƙaƙen fata da ta mata. Otis da kansa ya amince a gaban jama'a cewa yarinyar ta karɓe masa waƙa. Wannan ba kwaikwayo ba ne, sabon gini ne a kan tsohon harsashi, kuma sunan Otis bai taɓa gogewa daga faifan ba. Sai dai a nan ma ka ga yadda doka take: kuɗin da rediyo ke biya na tsari ne, don haka ɓangaren Otis suke tafiya, duk da abin da Aretha ta ƙara.

Da gaske ne "Waka Waka" daga Kamaru take?

Amshinta daga can yake. A 1986 wata ƙungiya mai suna Golden Sounds, wadda mambobinta dakarun tsaron fadar shugaban Kamaru ne, ta fitar da "Zangalewa". Su ma sun gina ta ne a kan waƙar maci da sojoji ke yi tun da daɗewa. Wanda ya ga bidiyonta ba ya mantawa: maza cikin kakin soja da hular kwano irin ta Turawan mulkin mallaka, sun cusa tsumma a ciki da ɗuwawu, suna taku suna girgiza tumbi. Waƙar ta bazu a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har ƙungiyar ta koma amsa sunan Zangalewa. Ta kuma tsallaka teku zuwa gaɓar Kolombiya, inda masu sa faifai ke son kiɗan Afirka, kuma daga wannan yankin Shakira, wadda ta rera "Waka Waka", ta fito. Da aka fitar da "Waka Waka" domin gasar cin kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu, 'yan Kamaru suka ɗaga murya, aka zauna aka sasanta da 'yan ƙungiyar.

Kamaru ta riga ta ga irin wannan. Manu Dibango ya naɗi "Soul Makossa" a 1972, a bayan faifan da aka yi domin gasar cin kofin Afirka da ƙasar ta karɓi baƙunci. Amshin nan na "mama-ko, mama-sa" shi ne Michael Jackson ya ɗora a ƙarshen "Wanna Be Startin' Somethin'" a kundin Thriller na 1982 ba tare da izini ba. Dibango ya nemi haƙƙinsa, aka daidaita a wajen kotu. Daga wurin Jackson amshin ya sake faɗawa cikin waƙar Rihanna ta 2007.

Waƙoƙin finafinan Indiya da muka tashi da su fa?

Nan ne abin ya zo kusa da gida. Duk wanda ya kalli Hum na Amitabh Bachchan, fim ɗin 1991, ya san "Jumma Chumma De De". Wanda ya kalli Thanedaar na 1990 ya san "Tamma Tamma Loge". Dukansu biyu daga waƙa ɗaya aka ɗebo su, wato "Tama" ta Mory Kanté, mawaƙin ƙasar Gini mai kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira kora, wadda ke cikin kundinsa Akwaba Beach na 1987. Kari ne na Afirka ta Yamma ya je Bombay ya sa tufafin Indiya, ya dawo mana ta sinima da kaset, muna rera shi muna ɗauka baƙo ne. Haka "Jimmy Jimmy" ta fim ɗin Disco Dancer na 1982, karinta na "T'es OK" ne, waƙar ƙungiyar Ottawan ta Faransa.

Mu ma mun yi aro. Kowa ya san yadda finafinan Hausa na farko-farko suka riƙa ɗora baitocin Hausa a kan karin Indiya, da yadda wasu masu bege a Kano suka yi amfani da irin wannan kari a majalisin bandiri. Aron kari tsohuwar al'ada ce a ko'ina. Abin da nake so mu saba da shi shi ne faɗin inda aka aro.

Akwai wasu da za mu yi mamakin jin ba na waɗanda muka sani ba ne?

"Rivers of Babylon" da ake dangantawa da Boney M. ta 'yan Jamaika ce, The Melodians, 1970. Baitocinta daga Zabura aka ɗauko su, kuma a ta asali akwai ambaton "King Alpha" na aƙidar Rasta, wanda Boney M. suka sauya a tasu ta 1978. Faifan farko na Boney M. bai ɗauki sunayen 'yan Melodians da suka tsara ta, Brent Dowe da Trevor McNaughton, ba, daga baya aka ƙara su. Ta Melodians ta fi sanyi, kana jin kewar gida a cikinta, kamar mutanen da da gaske suke zaune a bakin kogin wata ƙasa.

"Lambada" ta Kaoma, wadda ta mamaye duniya a 1989, asalinta "Llorando se fue" ce ta Los Kjarkas, mawaƙan Bolibiya, 1981, waƙar baƙin ciki da ake busa wa sarewar tsaunukan Andes. An yi mata rajista a Faransa da sunan ƙarya, masu ita suka kai ƙara suka yi nasara. "The Tide Is High" ta Blondie, The Paragons na Jamaika ne suka fara ta a 1967. "Killing Me Softly" kafin Roberta Flack da Fugees, Lori Lieberman ce ta fitar da ita a 1972. "My Way" ta Frank Sinatra waƙar Faransanci ce, "Comme d'habitude" ta Claude François, 1967, wadda ke magana a kan zaman aure da ya yi sanyi, Paul Anka ne ya rubuta mata sabbin baitoci. "Without You" da matasa suka sani a bakin Mariah Carey kuwa ta ƙungiyar Badfinger ce, 1970.

Yaya zan gano asalin waƙa da kaina?

Fara da ƙananan rubutu. A tsohon faifai, ƙarƙashin sunan waƙa akwai wasu sunaye cikin baka, da ƙananan haruffa. A kaset da CD suna cikin takardar da ke naɗe a ciki. A manhajojin sauraron waƙa kuma akwai wurin da ake nuna waɗanda suka yi aikin. Waɗannan su ne masu tsari. Idan sunan ya bambanta da na mai rerawa, ka samu bakin zare. Nemi sunan tare da sunan waƙar, ka duba shekarar da ta fi tsufa. Shafuka irin su SecondHandSongs da WhoSampled da Discogs aikinsu ke nan, jera naɗe-naɗen waƙa bisa shekara.

Amma kada ka tsaya a nan, domin labarin Linda ya nuna cewa sunan cikin baka ma yana iya zama na aro. Idan ka ga an rubuta cewa waƙa ta gargajiya ce, ko karin ya yi maka kama da na wata nahiya, ƙara tonawa. Sau da yawa sunan waƙar ma an canza shi, don haka ba za ka same ta da sunan da ka sani ba.

Na saurari wasu na asali, sai na ji sautin ya tsufa. Ta ina zan fara?

Hakan yana faruwa, domin kunne ya saba da wadda ya fara ji. Naɗin 1939 an yi shi ne kai tsaye, mawaƙa tsaye gaban makirfo, babu gyara, babu ƙarin kaya daga baya. Kada ka saurara ta lasifikar waya a cikin hayaniya. Samu wuri shiru, ka ji ta asali sau biyu a jere kafin ka koma wa sananniyar. Fara da "Hound Dog" ta Big Mama Thornton, don ita ba ta buƙatar haƙuri, daga layin farko za ta kama ka. Sai ta Melodians. "Mbube" ka bar ta ƙarshe, bai kai minti uku ba tsawonta, kuma kada ka tsayar da ita kafin muryar Linda ta kai wurin nan na ƙarshe.